Takardar Sadiƙa da Dawar Malam Mika'ilu

Shekara talatin da biyar, duk mai sammakon gona a hanyar ƙauyenmu zuwa Dawakin Tofa ya san ƙarar tsohon babur ɗin Malam Mika'ilu Jaji. Bayan asuba yakan leƙa dawarsa, ya sha koko a tsaye, ya ɗaure ƙwarya biyu a bayan babur ya nufi sakandare. Mu ɗalibansa a ɓoye muke tsokanarsa, wai malamin bayoloji ne ko mai tallar fura? A watan jiya ya yi ritaya, shiru kamar an aiki bawa garinsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da ƙoren nan yake koyar da yadda ɗa ke gadon iyayensa a jini. Sai dai bai taɓa tsayawa a lissafi ba. Yakan ajiye alli ya ce, "To, kun gano abin da ke jinin mutum. Wa ya ba ku izinin faɗa?" Ya jefo zancen gwajin tabbatar da uba, ko na irin shuka da ake sauya wa halitta, mu yi ta musu har a kaɗa ƙararrawa. Na ci jarrabawarsa da kyau, amma tambayar nan ta bayan kunnena ta bi.

Shekara shida da suka wuce aka sa ranar Sadiƙa, 'yar maƙwabcinmu Malam Fa'izu. Aka yi gwajin jini, aka kawo sakamako ƙofar masallaci bayan la'asar. A garinmu duk takardar boko, ta taki ce ko ta gona, a fili ake karanta ta, don kada a ce an yi rufa-rufa. Aka miƙo mini, ni Abdulhadi ɗan boko. Na gyara murya na ce, "Dukansu AS ne, suna iya haifar mai sikila." Wallahi har ji na yi na burge.

Aka fasa auren. Saurayin ya koma Kano ya yi aurensa, Sadiƙa ce ta zauna da maganar. Kafin mako sunanta ya zama "mai ciwon jini". Shekara biyu babu wanda ya yi sallama da ita, har ƙannenta mata abin ya shafa. Yarinyar da ko zazzaɓi bai cika kwantar da ita ba ta daina zuwa biki. Ni kuwa na daina bi ta ƙofar gidansu.

Da labari ya kai wa Malam, gidan ya fara zuwa, ya nemi yardar Sadiƙa da ta mahaifinta kafin ya taɓa zancenta. Ranar Juma'a ya ajiye ƙorensa gaban dattawa, kowace da dawa fara da ja a gauraye. Ya dube ni ya ce, "Abdulhadi, bakinka ya ɓata, zo hannunka ya gyara."

Na rufe ido ina zaro ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya. Wani lokaci fara biyu, wani lokaci fara da ja, jefi-jefi ja biyu. "Ƙwarya ɗaya miji ce, ɗaya mata; fara A ce, ja S ce. Ja biyu, shi ne sikila," in ji Malam. Sai ya juye ƙwarya ɗaya ya cika ta da fara zalla. "Wannan miji ne mai AA. Zaro." Na yi ta zarowa har hannuna ya gaji, ja biyu ba su haɗu ba.

Baba Uwaisu mai unguwa ya ce, "Malam, amma dai ai tana da jan a jikinta."

Malam ya zaro takarda daga aljihu. "Ni ma ina da shi, Baba. Kun taɓa ganina kwance? Ni da mai ɗakina ba mu san dukanmu AS ba ne, 'ya'ya biyu muka kai makwanci. Tawa na karanta muku, domin tawa ce. Ta 'yar mutane amana ce." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Malam, kai ne ka tona ciwon da ka binne shekaru don ka rufa wa 'yar wani asiri. Kai ne ka koyar da cewa gwaji wajibi ne, tallar sakamako kuma zalunci. Garkuwar masu rauni, na gode, Sadiƙa ta gode. Allah Ya jiƙan 'ya'yanka, Ya sa su cece ka. Malamai da masu gwaji a asibiti, har da mu masu karanta wa jama'a takarda, ga wanda za mu bi sawunsa.

Bara aka ɗaura auren Sadiƙa da Najib, wani manomi daga Minjibir. Da aka miƙo mini takardun gwajin jininsu, wani ya ɗaga murya daga baya, "Karanta mu ji mana!" Na duba a zuciyata, na raɗa wa liman da waliyyai, na ninke na mayar wa Malam Fa'izu. Can gefe na hango Malam Mika'ilu jingine da babur ɗinsa. Ya gyaɗa mini kai sau ɗaya. Ranar na san na ci jarrabawarsa.