Sandar Gora da Ruwan Teku

Ko na manta da komai a aikin nan, ba zan manta da ranar da teku ta rufe mana hanya ba, ina ɗauke da tsofaffi cike da mota. Na sha ba da labarin da baki a ɗakin shan shayi, amma baki yana ƙari yana ragi. Tunda Allah ya sa na koyi rubutu a ajin yamma da furfurata, gara in ajiye shi yadda ya faru, saboda ku 'yan gida da kuke shigowa aikin tuƙi yanzu.

Ga wanda bai san mu ba, kamfaninmu ƙarami ne a unguwar Tottenham, cikin London. Ƙananan bas muke da su, masu injin ɗaga keken guragu a baya. Ranakun mako muna kai tsofaffi asibiti, ranar Asabar kuma ƙungiyoyi kan ɗauke mu haya mu kai su yawon buɗe ido. Carol ce mai raba aiki a ofis. Ka'idodinta biyu kowa ya haddace su. Direba ne ke da alhakin mota da duk ran da ke cikinta. Kuma ba a haɗa iyalin direba da harkar fasinja.

Wata Asabar ta watan Satumba aka ba ni ƙungiyar tsofaffin Edmonton masu noma a lambunan council, wato ƙaramar hukuma. Yawancinsu mutanen kudancin Kaduna da Filato ne, coci ɗaya suke zuwa. Shugabarsu Mama Rifkatu, tsohuwar nas ce, ita ta tsara tafiyar zuwa gaɓar teku a yankin Essex. Za mu fara da gidan zane-zane a wani gari na bakin teku, sai shagon kayan lambu, sannan abincin rana a wata gonar inabi da ke kan tsibiri, inda suke matse inabin su yi giya.

Baba Istifanus ne ya zauna kusa da ni a gaba. Tun kafin mu bar London na san damuwarsa. Matarsa, Mama Saratu, ciwon mantuwa ya kama ta. Turancin da ta yi shekaru tana aiki da shi ya gudu daga kanta, Hausa kaɗai ta rage mata, kuma in aka bar ta ita kaɗai takan buɗe ƙofa ta kama hanya. Ya daɗe bai fita ko'ina ba. Matan coci ne suka matsa masa, aka samo mai kula da za ta zauna da ita har ƙarfe biyar.

"Hamisu," ya ce mini, "ka dawo da ni kafin biyar. Shi ke nan roƙona."

Na ce, "In sha Allahu, Baba. Da sauran rana ma za mu shigo."

Safiyar ta yi daɗi. A gidan zane-zane Mama Rifkatu ta tsaya gaban wani ƙaton allo da ba komai a jikinsa sai launin toka, ta ce, "Wannan ai bangon kicin ɗina ne kafin council su zo fenti. Ashe arziki nake zaune da shi ban sani ba!" A shagon lambu kuwa sai da na roƙe su kafin suka fito. Motata ta cika da tukwanen fure da buhunan taki. Baba Istifanus ya sayi damin sandunan gora na ɗora wake, da wani ɗan itace mai fure ja. Ya ce furen ya yi kama da na yakuwar da Saratu ke shukawa a bayan gidansu a Kafanchan, wataƙila in ta gani ta tuna wani abu.

Hanya ɗaya ce tak ke shiga tsibirin, kwalta shimfiɗe a tsakiyar laka, da shingen ƙarfe dama da hagu. Da muka wuce da tsakar rana busasshiya take ƙarau, tsuntsaye na kiwo a gefe.

A gonar inabi na yi abin da na saba. Ni ba na shiga inda ake zuba giya. Na sauke su a bakin ƙofa, na koma can ƙarshen filin ajiye motoci, na yi sallar azahar a gindin shinge, na ci abincin da matata Hajara ta ƙulla mini. Ina jiyo su daga nesa suna rera waƙa. Sun wuce lokacin da muka yi da su, amma ban ga abin damuwa ba, akwai sauran rana.

Da muka gangaro bakin hanyar fita sai na ga motoci a layi, injinansu a kashe. Na leƙa gaba. Babu hanya. Ruwa ne shimfiɗe daga nan har can ƙetare, kawunan shingen ƙarfe kaɗai ke nuna inda kwalta take.

Mama Rifkatu ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Matar gonar fa ta ce yau ruwa babba ne, mu tashi da wuri."

"Mama, me ya sa ba a faɗa mini ba?"

"Mun ɗauka ka sani. Ai kai ne direba."

Wani dattijon Bature a motar gabanmu yana shan shayi daga fulas, hankali kwance. Na tambaye shi. Ya ce teku ce ke hawowa kamar yadda ta saba, yanzu ma ta fara, sai ta gama cika sannan ta janye. Ya ce in ba ta kamar awa biyu.

Na dawo na faɗa. Baba Istifanus ya dubi agogonsa, ya dube ni.

"Hamisu, kai ba ka ce ka yi tuƙi a hanyar Birnin Gwari ba?"

"Na yi, Baba."

"Da damina?"

"Da damina."

"To wannan ɗan ruwan iya ƙwauri ne zai tsayar da kai? Ga ƙetare can muna gani!"

Gaskiya ya faɗa. A gida na sha tsallaka mashigi da mota cike. Akwai yadda muke yi. A cire takalmi, a naɗe wando, a shiga da sanda a auna. In bai kai gwiwa ba, a sa giya ta ɗaya, a taka mai a hankali, kada a ɗaga ƙafa har a fita. Jikina ma ya riga ya fara yarda. Na zaro sanda ɗaya daga damin gorarsa, na tuɓe takalmi, na shiga.

Sanyin ruwan ya sare ni har ƙashi. A gindin wani ƙarfen shinge na dasa sandar a kan kwalta, na ɗaura zaren da na tsinko daga ɗaurin damin daidai inda ruwa ya tsaya. Bai kai gwiwa ba. Na ƙara gaba kaɗan ina laluben hanya da ƙafa. A nan ne hankalina ya fara tashi. Ruwan gida ja ne, yana da ƙara, daga gefe ɗaya yake zuwa, kuma da zarar sama ta ɗauke raguwa yake yi. Wannan shiru yake, daga dama da hagu yake shigowa lokaci guda, ga rana tana haskawa, babu ko ɗigon ruwan sama. Na juyo na koma gindin ƙarfen nan na sake dasa sandar. Zaren ya nutse. Ruwa ya haura shi da kusan taƙi guda, a ɗan wannan zagayen da na yi.

Na tsaya ina kallon motata. Mutum biyu a ciki ba sa iya tafiya sai da abin dogarawa. In inji ya mutu a tsakiya, injin ɗagawa na baya ma ya mutu. Wa zan fara goyawa, wa zan bari?

Na hau na zauna, wandona na ɗiga. Na zare makulli na sa a aljihu.

"Baba, ba zan shiga ba."

"Ɗana," ya ce, ya kama hannuna da hannu biyu. "Ni sa'an mahaifinka ne. Roƙonka nake yi."

Ku da kuka taso a gida kun san nauyin wannan maganar. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa dattijo a'a yana riƙe da hannuna ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan shiga ba."

Ya saki hannuna. "In wani abu ya sami Saratu, kai ne."

Mama Rifkatu ta sa baki. "Istifanus, bar yaron nan. Kowa ya ciro wayarsa."

Aka kira mai kula. Ta ce za ta ɗan ƙara lokaci, amma akwai wani tsoho da ke jiran ta ba shi magani, ba yadda za ta yi. 'Yar su Baba tana Manchester. Maƙwabciyarsu Baturiya ce, kuma Mama Saratu takan firgita in aka yi mata Turanci. Aka ce a kira matan coci, sai wata daga baya ta ce, "Waɗanne? Ai duk ga mu nan a cikin mota!" Babu wanda ya yi dariya.

Sai na tuna da Hajara. Na fara kiran Carol, na faɗa mata inda muke da abin da nake so in yi. Ta ce barin motar a tsaye daidai ne. Game da maganar tura Hajara gidan Baba kuwa, ta ce ka'ida ka'ida ce, amma in matata ta ga dama ta je gaida wata tsohuwa a Edmonton ranar Asabar, ita ba ta ga inda ya shafi kamfani ba.

Hajara tana tsakiyar girki. Ban gama bayani ba ta ce, "Turo mini address ɗin." Ta kashe wuta ta fita.

Daga nan sai jira. Ruwa ya ci gaba da hawa har ya kusa haɗiye shingen. Hajara ta kira ta ce ana wasan ƙwallo a unguwa, bas ba ta motsi, ta sauka za ta taka da ƙafa. Can kuma mai kula ta kira ta ce dole ta tafi, ta bar Mama Saratu a kujera tana kallon talabijin. Baba Istifanus ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Matan baya suka fara addu'a ƙasa-ƙasa. Ni ma ina tawa a zuci.

Da Hajara ta sake kira na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Tana haki.

"Na iso. Ƙofa a buɗe take." Muka ji takunta a cikin gida. "Mama? Salamu alaikum, Mama?" Shiru. "Malam, ba ta nan. Talabijin na yi, ba kowa."

Baba Istifanus ya yi wani sauti da ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Ya ce, "Bus stop! Ta duba bus stop na kwanar titinmu!"

Muka ji ta tana gudu, ga ƙarar motoci. Sannan muryarta ta sauka, ta yi laushi, kamar ba ita ce ke haki yanzu ba.

"Mama, sannu da hutawa. Ina zuwa haka da silifas?"

Wata siririyar murya ta amsa, "Kafanchan za ni. Yara sun taso daga makaranta."

"Ayya, Mama, motar Kafanchan ta wuce, sai gobe. Zo mu je gida in dama miki kunu."

"Ke 'yar gidan wa ce?"

"Matar direba ce ni."

"To ki faɗa wa direban ya yi latti."

Motar ta ɓarke, wasu dariya, wasu kuka, Mama Rifkatu tana yin duka biyun. Baba Istifanus ya kifa kansa a kan ɗan itacen furen da ke cinyarsa, kafaɗunsa na girgiza.

Ruwan ya janye kamar yadda Baturen ya ce, ya bar ciyawar teku a kan kwalta. Da muka shiga London, Baba na fara saukewa. Ta taga na hango Mama Saratu da kofin kunu, Hajara na zaune a gefenta. Ya shiga da furensa, na bi shi da damin gora har bakin ƙofa. Ya karɓa, ya zaro sandar nan mai zare, ya miƙo mini.

"Riƙe wannan," ya ce. "Na faɗa maka magana a bakin ruwa. Ba ni na faɗa ba, tsoro ne."

Na ce, "Ban ji komai ba, Baba."

Abin da ranar ta koya mini ga shi. Har yau ba na shiga inda ake zuba giya, amma duk inda na sauke fasinja, sai na je bakin ƙofa na gai da masu wurin na tambaye su labarin hanya, don fasinja yawo ya fito, kuma a ransa direba ya san komai. Na kuma gane cewa sanin hanyar gida ba ya tsallakar da kai ruwan wata ƙasa. Mafi wuya kuma, wata rana dattijon da kake jin nauyinsa zai kama hannunka ya roƙe ka abin da zai hallaka shi. Ranar, girmama shi ita ce ka sa makulli a aljihu, sannan ka nemo masa wata hanyar.

Sandar tana nan a bayan kujerata, zaren na ɗaure, gishiri ya bushe a samansa. Duk wanda aka ba aikin bakin teku a cikinku, ya zo ya duba tazarar da ke tsakanin zaren da inda gishirin ya tsaya kafin ya tayar da mota.