Ruwan da na gani daga sama

Shekara huɗu ban yi magana da yayana ba. Ni na jawo.

Da tsohonmu ya rasu anka raba mana gona biyu. Shi ya samu ta wajen Alelu, ni ta hanyar Birnin Malam. Damina biyu a jere ruwa ya riƙa sauka wajensa yana tsallake ni. Ina tsaye cikin gerona da ya murɗe, ina hangen hadari baƙi ƙirin can gefensa. Sai na faɗa a ƙofar masallaci, gaban mutane, cewa wani abu ya bizne don ya janye min ruwa. Ya sa takalmansa ya wuce.

Bayan nan garin ya ishe ni. Na zuba saiwoyin magani cikin jakar goyo, irin ta 'yan makaranta, na bi motar albasa daga Aliero. Daga wannan gari zuwa wancan ina tallar magani, har Yawunde ta ƙasar Kamaru.

Can na zauna ɗaki ɗaya da wani Bakatsine mai yankan farce, tsoho mai bakin tsiya. Wata Lahadi da hantsi ya tashe ni.

"Tashi Bakabe, in kai ka ka ga dutse. Ku da ba ku da tudu sai shuri."

"Me zan yi da dutse, ci zan yi?"

"Ka ci mana, ai ya fi maganin nan naka amfani."

Na goya jakata don ban yarda in bar ta ba, munka kama hanya. Hawan ya ba ni wuya. Gwiwata ta dama tana ƙara, ƙirjina kamar an ɗora buhu. Shi ko tsohon banza yana gaba yana waƙa.

Da munka kai sama na zauna bisa wani falalen dutse, na daɗe ban ɗaga kai ba. Sannan na ɗaga.

Garin duka yana ƙarƙashin ƙafata. Rufin gidaje ja ja, kamar an yi shanyar tattasai tun daga nan har inda ido ya gaji. Tituna sun yanka shi fangali fangali. Motoci na tafiya ba ƙara. Shaho na shawagi, amma bayansa nake gani, ni da ban taɓa ganin shaho ba sai ta ciki. Wani farin abu ya taso daga kwari a hankali, na zaci gobara ce, har na miƙe.

"Zauna," in ji Bakatsine. "Girgije ne. Gaishe ka ya zo yi."

Ya iso ya lulluɓe mu. Na miƙa hannu na damƙa, ba komai sai sanyi da laima. Shekara arba'in ina ɗaga kai ina roƙon abin nan, ga shi yau cikin gemuna. Ban san ko minti nawa munka yi cikinsa ba. Na ji kamar ina kwance bisa rumbu ina yaro, inna na sussuka a ƙasa.

Da ya yaye sai na hangi hadari can gabas, ƙarami, shi kaɗai. Ruwa na zuba daga cikinsa kamar zaren saƙa. Yana tafiya bisa garin yadda akuya ke kiwo: ya tsaya nan, ya karkata can, ya dawo. Ya jiƙa wata unguwa har rufinta ya yi duhu. Ta kusa da ita, titi ɗaya tsakani, rana ce tar, ina hangen shanyar tufafi ba wanda ya kwashe. Ya tsallake wani fili, ya sauka bisa wani tudu da ba kowa sai itace.

Na bi shi da ido har ya ƙare. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya kore shi.

"Lafiya, Bakabe? Ko tsoron faɗuwa ne?"

Na ce masa gida zan tafi.

Sai da rani ya kama na iso. Na iske yayana a fadama yana ban ruwan albasa, ya rame, furfura ta cinye masa kai. Na yi sallama, ya amsa bai dube ni ba. Na tuɓe takalma na durƙusa bakin fangali.

"Yaya, na ga ruwa daga sama. Yawo nai kawai yake yi. Ƙarya na yi maka."

Ya toshe wani fangali da ƙafa, ya buɗe na gaba. Ruwa ya shiga yana kumfa.

"Sai da ka je Kamaru kag gane hakan?"

"Sai da na je."

"A ƙofar masallaci ka faɗi waccan."

"Can zan faɗi wagga, bayan la'asar."

Fangalin ya cika. Sannan ya miƙo min fartanya.

"Aje jakar nan, kamar ɗan firamare. Kama daga can ƙasa."