Ƙaton da Mahaifiyata Ta Bari da Dutse a Ka

A gidanmu na Vimtim ba a fara tatsuniya sai an faɗi bakin da aka ji ta. Mahaifiyata takan ce daga gwaggonta ta ji, kuma ba ta ƙara ko gishiri ba. Da yarenmu take yi. Ni da Hausa nake yi wa 'ya'yana a nan Mubi, domin ba sa jin yaren sosai, kuma wannan kaɗai ya isa ya dame ni, kullum ina tsoron na zubar da wani abu a hanya.

Akwai guda da ta fi so. Wani manomin gyaɗa ya yi barci a gindin tsamiya, ya yi mafarkin wani maharbi. A cikin mafarkin, maharbin yana ba karensa labarin wani ƙato da ya ɗauki dutse a ka yana neman inda zai sauke, ko'ina ya je sai ya tarar da gonar wani. Bai sauke ba har akuya ta taka manomin ya farka. Nan ta ƙare.

Babban ɗana yana zama wurin masu cajin waya kusa da shagon da nake ɗinki. Aikinsu ke nan, gardamar wa ya fi wa ƙarfi cikin jaruman finafinan zanen da suke kallo. Har ƙa'ida suka kafa: wanda ke cikin labarin wani, ko ya fasa duniya, yana ƙarƙashin mai ba da labarin.

Wata rana ya shigo ina kan keken ɗinki.

"Baba, ƙaton Kaka shi ne na ƙarshe a jeri. Yana bakin maharbi, maharbi yana cikin barcin manomi, manomin kuma akuya ma ta tashe shi. Dariya suke mini, wai jarumin gidanmu yana ƙasan akuya."

"To sai me?"

"Kai ne a saman su duka. Ka ce ƙaton ya fito ya mari maharbin, ya keta mafarkin."

Na ce masa ba ni da wannan iko. Ya ce ai baki nawa ne. Na ce bakin nawa ne, labarin ba nawa ba ne, ya tashi ya ba ni wuri.

Bayan kwanaki wani abokinsa ya kawo wando a rage masa ƙafa. Yana jira ya ce, "Baba tela, ashe kakarsu ba dama ce! Ƙaton nan da ya jefi manomi da dutse ya fito duniyarmu, yanzu shi ne na ɗaya."

Na tambaye shi wa ya faɗa. Ya ce ɗana, kuma ya ce haka ya ji daga bakin kakarsa.

Na tsayar da keken. Da ɗan nawa ya ce shi ya ƙirƙira, da na yi tsaki na ci gaba da aikina. Amma ya ɗauki ƙarya ya sa a bakin matar da ke kabari, wadda ba za ta tashi ta ce ba haka ba ne! Ƙaton da ya sha wuya don kada ya danne gonar kowa, shi aka mayar mai jifan mutane.

Na ajiye wandon na fita. Suna zaune a benci, janareta na ƙara. Na ce su saurara, na faɗi bakin da na ji tatsuniyar, na ba su ita daga tsamiya har akuya, ina ɗaga murya. Rana tsaka ne, kuma mahaifiyata ta hana tatsuniya da rana. Sai da na kai rabi na tuna, amma ban tsaya ba.

Da na gama wani ya ce, "Shi ke nan? To ai ya koma ƙasan akuya." Suka fashe da dariya. Ɗana ya sunkuyar da kai, ya tashi ya tafi. Tun daga ranar bai sake zama inda nake tatsuniya ba.

Na ɗauka aƙalla na tsare abin. Sai bara, bayan cin tuwo, na ji ƙaramar 'yata tana yi wa yaran maƙwabta tatsuniyar ƙaton a tsakar gida. Ta fara daidai, ta ce daga babanta ta ji, shi kuma daga Kaka. Na ji daɗi na matso. Tana zuwa wurin dutsen sai ƙaton ya ɗaga shi ya jefa.

Na daka mata tsawa na ce wa ya koya mata haka. Ta ce, "Yaya. Taka ba ta da ƙarshe, Baba." Yaran suka ce ta ci gaba, ta ci gaba, ina tsaye a kansu.