Mai-Eriya, Wanda Ya Ce Muryata Ba Ta Isowa

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Mai-Eriya. Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ni ban ji ba sai ranar Juma'a da yamma, da na kunna rediyon oba-oba na kira ka kamar yadda muka saba, wani abokinmu direban tanka ya amsa a madadinka. Ya faɗa ya sake faɗa, ni kuwa ina ta murɗa maɓalli, a zatona iska ce ta hargitsa maganar.

Ban taɓa ganin fuskarka ba. Muryarka kawai na sani, mai kauri, da ɗan tarin nan da kakan yi kafin sallama. Lokacin da na fara wannan sha'awa ta magana da mutanen nesa ta rediyo, ina malamin makaranta mai rawar kai, kai ne ka fara amsa mini, ka koya mini ladabin layi ba tare da ka kunyata ni ba. Da matata ta kwanta asibiti, ba ka taɓa buɗe hira ba sai ka tambayi jikin "'yata", kamar yadda kake kiran ta. Shekarar da ambaliya ta katse wayoyi, yini guda ka yi a kujera kana isar da saƙon mutanen da ba ka sani ba.

A watannin baya ka fara cewa muryata ba ta isowa, wai kamar daga cikin rijiya nake magana. Na duba mitar da ke auna ƙarfin fitar magana, sai na ga gaskiyarka: na'urar da ya kamata ta ba da wat ɗari, allurarta da ƙyar take wuce ashirin. Hankalina ya tashi. Kai kuwa ka yi dariya, ka ce in bi a hankali, kada in kwance komai tukuna.

Ka ce allura ba ta iya bin maganar mutum, in danna makirufo in yi fito mai tsawo. Na yi, har matata ta leƙo tana tambaya ko tsuntsu na saya. Allura ta haura kusan ƙarshe. Na yi murna na ce ashe lafiya lau take. Ka ce a'a, har yanzu ba ka ji na sosai. Ka sa na auna batir ina cikin magana, ko wuta na faɗuwa. Ba ta faɗuwa. Ka sa na sake makirufo. Ka sa na hau rufin ɗaki na bi wayar eriya da hannu, a can na tarar da tsatsa a mahaɗinta, na kankare, na naɗe. Allura ta ɗan ƙara motsi. Sauran abokai suka ce suna ji na tangaran. Kai kaɗai ka ce da saura, in dawo gobe mu gwada wani abu. Kullum da abin da za a gwada gobe, ni kuma kullum ina dawowa, domin kunnenka na fi yarda da shi a kan mita.

Direban tanka ne ya kwatanta mini gidanka. Da na isa, wani dattijo a ƙofa ya tambaye ni ko ni wane ne ga mamaci. 'Yarka babba ce ta ji sallamata daga ciki, ta fito ta ce ta gane muryar, ni ne mai fito. Ta kai ni ɗakinka. Ɗan ƙarami ne, tebur ya cinye rabinsa, ga tabarau a kan na'ura, ga kujera da matashin da ya lotsa. Lasifikar kuwa an ɗaure ta da igiya a jikin kujerar, daidai inda kunne zai kai.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Yaya, ai ciwon ya taɓa kunnen Baba tun bara. Likita ya faɗa masa. Mu ma sai mun ɗaga murya yake ji."

Na ce to ya san ba na'urata ba ce ke nan. Ta ce ita ba ta sani ba. Abin da ta sani, idan la'asar ta yi yakan ce a tayar da shi zaune, akwai malamin da rediyonsa ke ba shi wahala, kuma a ranakun nan ne kaɗai yake cin abinci da kirki.

Tun ranar nake juya maganar, ban samu bakin zarenta ba. Tsatsar nan da idona na gan ta, allura ma ba ƙarya ta yi ba. To a ina gyara ya ƙare, a ina ciwo ya fara? Ka sani ka ɓoye don kada mu rage kiran ka, ko kai ma ka fi so a ce laifin waya ne? Wani lokacin in ji kamar in yi fushi, sai in tuna da igiyar nan. Jiya na sake hawa rufin na duba mahaɗin, ban san me nake nema ba. Lafiyarsa ƙalau.

Allah Ya jiƙan ka, Mai-Eriya, Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda saƙonnin bayinSa da ka isar. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokanmu na nesa waɗanda wasunsu har yanzu suna kiran ka da yamma, ba mu kai ga sanar da su ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.