Mai Gicciye a Bakin Tantin Kwalara

Hindu na zaune a bakin tantin masu kwalara a garin Wad Haddad na ƙasar Sudan, tana leƙawa duk sanda aka fito da gawa. Tantin ya cika, don haka wata doguwar mata Kirista ke kwance a waje, ba mai jinya. Wataƙila cirar auduga ta kawo ta daga kudu, yaƙi ya raba ta da danginta. Leɓunanta sun tsattsage, hannunta na riƙe da ƙaramin gicciyen katako.

"'Yar'uwa, wa gare ki a ciki?" matar ta tambayi Hindu da Larabci.

"Mijina, Salih."

Matar ta runtse ido, tana numfashi da ƙyar, ta fara roƙa wa Salih lafiya wurin Yesu.