Awa Ɗaya Zuwa Yamai

Ranar wata Talata ce, cikin damanar da na cika shekara goma sha ɗaya. Ina tsugune a tsakar gidanmu na Zongo ina wanke butocin alwala, sai ga wani direba da ya taso daga Yamai ya yi sallama, ko ruwa bai sha ba ya ce wa Baba jikin Kaka ya yi tsanani, tsohon yana ta kiran sunan Baba. Kakan nan shi ne mahaifin Baba. Daidai lokacin wani jirgi ya tashi ya bi ta saman rufinmu, kwanon ya ɗauki rawa, kaji suka watse. Mu yaran unguwa mun saba, wasanmu ne mu hau katanga mu yi gardamar inda kowane jirgi ya nufa, wanda ya faɗi ya ɗebo wa sauran ruwan famfo.

Maƙwabcinmu Kawu Idi, mai ɗaukar kaya a filin jirgi, ya ce, "Malam Sani, gobe da safe akwai na Yamai, awa ɗaya ka sauka. Biyen ma, tikitin shiga, zan tsaya maka." Baba ya dube shi kamar ya zage shi. Shekara ashirin yana jan kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar nan, kuma shi ba ya auna tafiya da awa, da salla yake aunawa: Azahar a Kupela, La'asar a Fada, a kwana a Kancari wajen 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka. "Abin da nake ci salla bakwai, wani ƙato zai ci kafin shayi ya huce? Idi, ka ji tsoron Allah." Kuma ta yaya zai shiga gidan ubansa hannu sake? Akwai buhun gero, huhun goro da ragon da Inna ta yi wata shida tana kiwo, jirgi kuwa ba ya ɗaukar rago. Inna ta ce, "Malam, ragon zai iya jira." Bai ko waiwaye ta ba.

Washegari muka loda, ni ina baya tare da ragon. Ruwa ya cinye hanya bayan Fada, taya ta fashe, 'yan duwan suka zazzage goron nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a da hantsi muka haye gadar Yamai. Mun tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. An binne Kaka ranar Alhamis bayan La'asar. Ragon da aka kawo don a yi masa romo, shi aka yanka ranar addu'ar uku. Baba bai yi kuka ba, amma daga nan har ya rasu, in jirgi ya wuce sai ya tashi ya shige ɗaki.

Yau ni ma na tsufa a kan sitiyari, gwiwa ta gaji, hanyar kuma ta zama abin tsoro, ba mai bin ta da daɗin rai. Bara aka bugo waya daga Yamai ƙanwar Baba ba lafiya, na shiga jirgi karo na farko, ba rago ba goro. An miƙo mini ruwa a kofin roba, ban gama sha ba aka ce mu shirya sauka. Na same ta da ranta, ta riƙe hannuna ta kira ni da sunan Baba. Da gaske awa ɗaya ce, Baba.