Kukan Inji Ya Sa Na Ɓata Sunan Dattijo

Ni mace ce mai zaman gida, karatuna bai wuce allo ba, wannan ma 'yata ce ke rubuta mini. Gidanmu a bakin ruwa yake, kusa da Warra. A lokacin abu biyu aka san ni da su, surutu da kunne. Ina zaune ina bandar kifi, in jirgi ya taho daga tsallake sai in faɗi na wane ne tun bai iso ba, don kowane inji da irin kukansa. Mata har gwada ni suke yi, ban taɓa faɗuwa ba, kaina kuwa ya yi ta girma.

Wata ranar kasuwa 'yar maƙwabciyata, budurwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta shigo tana hawaye. Ta ce mai jirgi ya kai hannu jikinta inda bai dace ba, wai yana taimakonta ta sauka, kuma kunya ta hana ta faɗa wa innarta. Na rungume ta, na ce ta kyauta da ta faɗa. Abu guda na tambaye ta, yaushe suka sauka. Ta ce bayan la'asar. Ai kuwa na ji injin da kunnena, mai tari sau biyu kafin ya mutu, na wani dattijon unguwarmu ne. Ban tambayi kamannin mutumin ba, ni da na san komai! Kafin magariba na isar wa mata uku, su kuma suka ƙarasa mini aikin.

Cikin mako guda mata suka ƙaurace wa jirginsa. Sai ya wuni a bakin ruwa ba fasinja, matarsa ta daina amsa gaisuwata. Yarinyar ce da kanta ta zo tana tambayata me Baba, wato dattijon, ya yi ake gudunsa. Da na faɗa mata sai ta dafa ƙirji, ta ce ita saurayi ne mai giɓi ya taɓa ta. Ashe ran nan zazzaɓi ya kwantar da dattijon, ya ara wa wancan injinsa, aka cire aka ɗaura a wani jirgin. Wallahi har kifina ya ƙone ban sani ba.

Na ɗauki mayafi, ni da ban cika fita ba, muka je wurin shugaban masu jirage tare da yarinyar da innarta. Yarinyar ta yi bayani, wasu mata biyu suka ce su ma ya taɓa yi musu. Aka kira saurayin aka saurare shi, ya fara musu, daga baya ya amsa, aka hana shi ɗaukar fasinja. Ni kuma na roƙi Baba gafara a gaban kowa. Ya ce ya yafe, amma tunda kunnena ya kai haka, in riƙa sanar da shi in injin na son gyara. Har yau makanike yake kirana, matarsa na dariya.

'Yan uwana mata, in yarinya ta kawo muku irin wannan kuka kada ku rufe mata baki, ku tsaya mata. Amma ku tambaye ta wane ne, ku kai inda za a ji ta bakinsa shi ma. Ni kunnena bai yi ƙarya ba, injin Baba ne, sai dai ba inji ne ya taɓa yarinyar ba.